Famfon da Aka Sayo Kashi Uku

Kwanakin baya na bi ta Yasore, na iske wasu samari uku suna ɗora famfon sola a kan wata rijiyar burtsatse. Na kashe babur a inuwar wata bishiyar bedi na tsaya kallo. Sun farke kwali, sun baje kaya a kan tabarma, ɗaya yana riƙe da waya yana kallon bidiyon yadda ake yi, biyun suna haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Kafin azahar ruwa ya hau tanki. Da suka gane ni, babbansu ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba Rabe, ashe aikin ga da kuke ta kururutawa ba wani abu ba ne." Na ce masa haka ne. Me zan ce, ga ruwa yana zuba? Amma da na tambaye shi zurfin rijiyar, da yawan ruwan da take iya bayarwa a tsakiyar bazara, sai ya dubi abokinsa, abokin kuma ya dubi waya. Don su da ire-irensu na zauna rubuta wannan, tunda yanzu ba mai zama ya saurari dogon zance.

Da girmana na shiga sana'ar nan, ina da mata da ɗa, bayan damina biyu a jere sun bar ni da buhunan wofi. Maigidana shi ne Malam Iro, mutumin Batsari, mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, Allah ya ji ƙansa. Kayan aikinsa duka a buhun taki ɗaya suke: sifana biyu masu haƙora da ake kama bututu da su, wani ƙarfe mai baki biyu da ke riƙe bututu a bakin rijiya kada ya sulale, guduma, da wata doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli da ya ɗaura wa tsohon kwaɗon ƙofa a baki. Da igiyar nan yake auna ruwa. Zai zura ta a hankali, ya kara kunnensa a bakin rami, in ya ji kwaɗon ya ce tsulum sai ya ƙirga ƙullin da suka shige. Daga nan ya sa a yi ta ɗibar ruwa na awa guda, ya sake zurawa, ya ga nawa ruwan ya ja baya. Ba ya taɓa faɗar kuɗin aiki sai ya yi wannan. A shekarata ta farko ban taɓa igiyar nan ba, aikina jan bututu ne da shan faɗa.

Aikin da ba na mantawa a Zakka muka yi shi. Famfo ya daina kawo ruwa, muka fito da bututu tara, ɗaya bayan ɗaya, mu huɗu, kowanne sai an kama, an ɗaga, an kwance, an jingine. Abin da ya lalace a can ƙasa wata 'yar roba ce da ba ta kai gindin kofin shayi ba. Muna cikin mayarwa hannuna ya yi santsi da gumi, sandar ƙarfe ta kuɓuce mini ta tafi can ƙasa. Malam Iro bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya lanƙwasa wani ƙarfe ya yi ƙugiya, ya miƙo mini, ya koma inuwa ya zauna. Kwana uku ina lalube a ramin da ba na ganin cikinsa, matan gari suna wucewa da bokitan wofi suna yi mini irin sannun nan da ta fi zagi zafi. A rana ta uku na kamo ta. Amma ko a wannan wahalar akwai mutane kusa da kai. Aikin tuƙa-tuƙa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Za a kawo fura, a kawo tuwo, a yi ta ba'a, wani ya ɗauki waƙa lokacin ɗaga bututu sauran su amsa. Ban san daɗi nake ji ba sai da abin ya wuce.

Da sola ta shigo, Malam Iro ya ce shi ya tsufa da koyon wuta. Ni na koya, da tambaya da ƙona kayan mutane kaɗan-kaɗan. Ga wanda bai sani ba, famfon sola abu uku ne. Akwai injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama, wanda muke kira sumo. Akwai farantan da ke kama rana. Sai akwatin da ke tsakaninsu, shi ke karɓar wuta daga faranti ya ba inji daidai cikinsa. Mai kyau yana da wata 'yar waya da ke sauka cikin rijiya, in ruwa ya ja baya sai ta sa akwatin ya kashe injin kafin ya ƙone. Dole ukun nan su dace da juna, su kuma dace da rijiyar. In ɗaya ya fi ƙarfin sauran, ba alheri ba ne.

Aikin da ya fitar da sunana a Safana ne, a lambun wani Alhaji. Yana da faranti shida iri uku, wasu na hannu, da sumon da aka ce masa ya mutu. Na zauna da mita wuni biyu ina auna kowane faranti da tsakar rana, na jera masu ƙarfi ɗaya a layi ɗaya, na kwance injin na wanke yashin da ya cushe shi, na naɗe mahaɗar waya da tef har sau uku na tsoma a bokiti in ga ko ruwa zai shiga. Ya tashi. Alhaji ya yi ta ba da labarina a majalisa, har aka fara cewa Rabe ko gwangwani ka ba shi zai fitar maka da ruwa. Na yarda da maganar, kuma daga nan kuskurena ya fara.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Akwai ɗan siyasa, shi babban tanki yake so a can sama inda za a hango daga titi, abin da ke cikin rami bai dame shi ba. Akwai wanda zai je Legas ya dawo da inji a jaka ya ce ka sa masa, in ka ce bai dace ba ya ce so kake ka sayar masa da naka. Akwai kwamitin gari, mutum bakwai, kowa da ɗan'uwansa mai shago. Waɗanda na fi son aiki da su mata ne. Su ke ɗaukar bokiti, ba ruwansu da ƙyalli, tambayarsu ɗaya ce: zai kawo ruwa da rani ko ba zai kawo ba?

A wancan lokacin daban-daban muke sayen kaya. Faranti a Katsina, sumo a Kano, akwati duk inda aka samu da sauƙi, waya da soket da gwiwar bututu a Batsari in an yi sa'a. Akwai kuma abin da ake kira cikakken saiti, wanda kamfani ke haɗa komai tun daga can, ya zuba a akwatin katako ɗaya da takardar garanti ɗaya. Ni kayan malalata nake kiransa. In mai aiki ya tambaye ni sai in ce ya fi tsada, kuma gaskiya ne, in farashin da ke bakin ɗan kasuwa kaɗai ka duba. Abin da ba na faɗa shi ne kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, da kwana a tasha, da ranar da za ka isa ƙauye ka tarar haƙorin soket bai shiga na bututu ba, ka bar aiki ka koma Batsari saboda abin da bai cika tafin hannu ba. Akwai kuma abin da ko kaina ban faɗa wa ba. Famfon da na harhaɗa da hannuna ni kaɗai na san cikinsa, in ya yi tari dole a nemi Rabe. Ina son a neme ni.

Ƙauyen da zan ba ku labarinsa yana tsakanin Zakka da Babban Duhu, ba zan kama sunansa ba. Manoma ne a cikin gari, sai wata ruga yamma da shi, tafiyar minti goma a ƙafa. Shugaban rugar shi ne Ardo Buba, dogon dattijo mai magana ƙasa-ƙasa. Kakansa ne ya kafa wurin, suna kiwo suna noma, makabartarsu ɗaya da mutanen gari. A da, in rani ya yi, samarinsu kan kora shanu zuwa wani tafki a bakin dajin Rugu. A shekarar da nake magana hanyar nan ta mutu. In ka je, ko dai mutanen daji su kwashe maka shanu, ko kuwa ka dawo lafiya mutanen gari su fara tambayar yadda aka yi ka dawo lafiya. Ardo ya san duka biyun. Tuƙa-tuƙan garin kuwa ba zai shayar da mutane da shanu ba. Maganar a fili take: in babu ruwan shanu a cikin gari da bazara, rugar tashi za ta yi.

Aka kira ni ƙofar gidan Maigari bayan girbi, kan maganar ɗora sola a rijiyar tuƙa-tuƙan garin. Na riga na zura igiyar Malam Iro, wadda na gada, na san halin rijiyar. Ruwanta mai kyau ne amma ba shi da yawa, irin wadda ake lallaɓawa ce. Ƙaramin sumo take so, ya yi ta ja a hankali tun hantsi har la'asar. Na gaya musu haka. Na kuma ambaci cikakken saiti da rabin baki, don kada a ce ban faɗa ba.

Maigari ya ce, "To shi wanga saiti, in an haɗa kuɗi an saye, na wane ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na kowa ne."

Ardo ya girgiza kai. Ya ce, "Malam Rabe, ba haka muke yi nan ba. Kuɗi in sun shiga cikin kuɗi ba a gane na wane. Ina son gobe in wani ya ce ma jikana ba ya da komi a famfon ga, ya iya nuna abu da yatsa ya ce wancan kakana ya kawo shi."

Ashe al'adar garin ke nan tun kakanni. Duk abin da za a yi na tarayya, ba a zuba kuɗi a kwano ɗaya. Kowane ɓangare abu yake kawowa wanda ido zai gani. Da suka gina masallaci, manoma suka yi bango, ruga ta kawo kwanon rufi, mata suka kawo tabarmi da butoci, kuma har yau kowa ya san nasa. Ta haka suka zauna lafiya shekara da shekaru, ba wauta ba ce. Sai dai masallaci ba ya ƙonewa don rufi ya fi ƙarfin bango. Ni ya kamata in faɗi wannan, tunda ni kaɗai ne a wurin da na sani. Ban faɗa ba, don rabon ya yi mini daɗi: kashi uku, kuma ni ne mai haɗawa.

Aka raba. Manoma su kawo akwati da tanki da waya. Mata, ƙarƙashin Inna Hajo mai ƙuli-ƙuli, su kawo faranti da kuɗin adashinsu. Ruga ta kawo sumo. Na rubuta wa kowane ɓangare takarda, na sa lamba da girman abin da za a sayo.

Inna Hajo ce kaɗai ta bi takardar. Ta sa aka kai ta Katsina da kanta, ta zauna a shagon mutum ta ce ba ta tashi sai an ba ta abin da ke rubuce, ko da yake ba ta karanta boko. Manoma suka aiki mutum biyu, mai shago ya nuna musu wani akwati mai sauƙin kuɗi ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ba shi da wurin 'yar wayar nan mai kashe inji. Ardo kuwa ya sayar da bijimi ya aiki ɗan ƙanensa Kano. Mai shago ya ɗauko wanda na rubuta, ya ɗauko wani babba ya ajiye kusa da shi. Saurayin ya dubi ƙaramin, bai fi damtsen mutum ba, ya tuna gari duka zai fito kallon abin da ruga ta kawo a madadin bijimi guda. Kunya ta kama shi, ya ɗauko babban.

A nannaɗe cikin sabuwar tabarma aka kawo shi ƙofar Maigari. Aka warware, ƙarfe yana ƙyalli, tsayinsa ya kusa kai ƙirjin mutum. Maza suka yi ta Masha Allah, mata suka ɗauki guɗa. Ni kuwa ina ganinsa na san wannan injin zai iya shanye rijiyar kafin rana ta take. Ardo ya juyo gare ni a gaban kowa, ya ce, "Malam Rabe, ya yi?"

Dattijo ne da ya isa haihuwata, ya sayar da bijiminsa, ga jama'a a tsaye, ga wasu cikin manoma da ba abin da suke jira sai a ce kayan Fulani bai yi ba. Na ce, "Ya yi, Ardo. Allah ya sa albarka." A ganina kara na yi masa.

Na yi dabarun da na iya. Farantan Inna Hajo ba su isa tayar da babban inji ba, na ƙara nawa tsofaffi guda huɗu ban faɗa wa kowa dalili ba. Na sa bawul a bakin bututu, wato makullin da ke rage gudun ruwa, na matse shi rabi don injin ya rage zuƙa, na ɗaure hannunsa da waya, na roƙi Maigari kada a taɓa. Na cire kan tuƙa-tuƙa na ajiye a zaurensa. Ruwa ya zo, aka yanka rago. Har lokacin sanyi ya wuce shanu suna sha a cikin gari, a rabin ganguna da aka jera, ni kuma ina yawo ana nuna ni.

Ana tsakiyar zafin bazara aka kira ni. Ruwan ƙasa ya ja baya kamar yadda yake yi kowace shekara, famfo ya fara kawowa siriri, layi ya yi tsawo, wani mai gaggawa ya kwance wayar ya buɗe bawul gaba ɗaya. Ban taɓa binciken ko wane ne ba, don ko ni ne a layin nan rana tana dukana zan iya yi. Injin ya zuƙe abin da ke rijiyar, ya ci gaba da juyawa a bushe da tsakar rana, ba abin da zai kashe shi. Da nake jawo shi sama, tun kafin ya fito na ji ƙauri. Na ɗora mita a kan wayoyinsa, allura ko motsi ba ta yi ba.

A ranar na mayar da tuƙa-tuƙa don mutane su sami na sha. Na ɗaura sumo a bayan babur zuwa Batsari, na shiga motar Kano. Mai shagon ya juya shi, ya sansana, ya ce, "Wane akwati kuka sa masa?" Na faɗa. Ya ce, "To ai akwatinku ne ya kashe shi, Malam. Ni lafiyayye na sayar." Na koma Katsina, mai akwati ya ce injin ne ya fi ƙarfin kayansa, kuma shi bai ce a haɗa su ba. Dukansu gaskiya suka faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kowa abu ɗaya ya sayar, kuma lafiya abinsa ya bar shago. Ba wanda ya sayar mana da ruwa, balle mu kama shi. Sati uku na yi ina jigilar mataccen ƙarfe daga gari zuwa gari, ni kaɗai, a hanyar da direbobi ba sa yarda la'asar ta same su a kanta.

Da na dawo, garin ya canja. Manoma suna cewa jabu Fulani suka kawo. Samarin ruga suna cewa akwatin arha na manoma ne ya cinye musu bijimi. Rabon da aka yi don kowa ya nuna nasa, yanzu kowa na wani yake nunawa. A bakin tuƙa-tuƙa an daina gaisawa. Shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, samari suka kasa jurewa suka kora su tafkin bakin daji. Karo na farko suka dawo lafiya. Karo na biyu aka kwashe musu kusan rabin garke, aka bar su da ransu. Kamar yadda Ardo ya hango, a kasuwa aka fara raɗa cewa mutanen daji ba sa barin wanda ba su sani ba da rai. 'Yan sa-kai na wani gari suka fara zagayawa ta gefen rugar.

Na sami Maigari na roƙe shi ya kira Ardo da manyan gari. Na tsaya gabansu na ce injin ba jabu ba ne, ya fi ƙarfin rijiyar ne, akwatin kuma ba shi da abin tsaro, kuma duka biyun na gani tun ranar farko na yi shiru. Wasu suka ɗauki salati, wani ya ce mini abin da ba zan rubuta ba. Ardo ya jira har aka watse. Ya kira ni gefe, ya jingina da sandarsa.

Ya ce, "Da ka biyo ni gida ranar nan ka faɗa mani a keɓe, da na sa yaron ya mai da shi. Kunyar kwana ɗaya ce, ɗana."

Na ce, "Baffa, ban so a yi maku dariya ba."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban yi fushi ba. Amma ka ga inda muke."

Tun ina ɗaukar buhun maigidana ban taɓa jin na ƙanƙance haka ba.

A wannan zaman ne aka yarda a ajiye al'ada sau ɗaya a sayo cikakken saiti. Ba lokacin kuɗi ba ne, rumbuna sun yi ƙasa, sai da aka ɗauki makonni ana tattarawa. Ardo ya sayar da saniya cikin 'yan da suka rage masa, ya kawo kuɗin ya zuba a kwano tare da na kowa, bai ce a ware masa abin nunawa ba. Farantan Inna Hajo aka mai da su masallaci suna ba da fitila da fanka. Na kira kamfanin da ke haɗa saitin. Wanda ya ɗauki waya bai fara da farashi ba. Ya tambaye ni zurfin rijiya, inda ruwa ke tsayawa da rani, nawa yake ja baya in an ɗiba, tsayin tanki, da yawan ruwan da ake buƙata a wuni. Tambayoyin Malam Iro ne, a bakin wanda ƙila bai taɓa ganin tuƙa-tuƙa a kwance ba. Na ba shi amsa, ya ce a ba su kwanaki. Cikin kwanakin jiran nan na gina dogon kwami na shayar da shanu a gefen rijiyar, da bulo da siminti. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya taya ni.

Kayan suka iso Batsari a mota ɗaya, akwatin katako da ɗaurin faranti. Da na buɗe, haushi da kunya suka kama ni tare. Sumo ƙarami, daidai rijiyar. Akwati da 'yar wayarsa ta tsaro. Waya an yanke ta daidai zurfin da na faɗa, mahaɗarta a rufe tun daga can yadda ruwa ba zai shiga ba. Soket, gwiwa, ƙusoshi, har ƙafafun da faranti zai zauna a kai, duk suna ciki, kowanne yana shiga ɗan'uwansa ba sai an roƙe shi ba. Takarda ɗaya, lambar waya ɗaya. In ruwa bai zo ba mutum ɗaya za ka kama, kuma ba shi da wanda zai tura ka gare shi. Ciniki sau ɗaya, kuɗin mota sau ɗaya, kasadar hanya sau ɗaya. In ka haɗa abin da garin nan ya kashe a karon farko, da zirga-zirgar da na yi, da bijimin Ardo da ya ƙone a cikin rami, arhar da nake yi wa mutane wa'azinta ita ce mafi tsadar abin da na taɓa ɗora wa kowa. Tun daga nan ban sake haɗa famfo daga shago uku ba.

Sai dai saitin ya zo da nasa. Aikin da muke yi mu huɗu a kwana uku, yanzu na mutum ɗaya ne da sifana biyu da wuni guda. Ba a kawo fura, don kafin a dama ka gama. Ba ya lalacewa da wuri, don haka ba a nemanka. Nakan yi wata guda wayata ba ta yi ƙara ba, in ma ta yi, sai ka ji so ake in zo in goge faranti. Haka ya kamata, gari ya sha ruwa ya manta da mai famfo, amma ba zan ce muku yana da daɗi ba. Kuma kada kwalin ya ruɗe ku. Ƙarfe da ƙarfe kawai yake haɗa muku. Ba ya auna rijiya, ba ya kuma iya bin dattijo gida ya gaya masa abin da ya sayo bai yi ba.

Wata Laraba na ɗora saitin a ƙauyen nan. Na fara da hantsi, mutane 'yan kaɗan suna kallo daga nesa, ba guɗa, ba yanka, kowa yana kauce wa idona. Na ɗauka fushin da ake yi da ni ne bai huce ba. Kafin la'asar na ji ruwa yana hawa bututu, siriri, ba gaggawa, ya fara zuba cikin tanki. Ko hannu ban wanke ba na hau babur na nufi ruga in kai wa Ardo labari da kaina.

Tun daga nesa na ga ba hayaƙi. An kwashe zana daga bukkoki an bar itace a tsaye. Ga duwatsun murhu, ga turaku ba maraƙi ko ɗaya, kashin shanu bai gama bushewa ba. Inna Hajo na iske a wurin, ta zo kwasar taki da kwando. Ta miƙe tana kallona.

Ta ce, "Shekaranjiya da sassafe suka tashi. An aiko masu da magana marar daɗi, Ardo ya ce ba ya jira a zubar da jini inda aka binne ubansa."

Na ce, "Inna, ruwan ya zo."

Ta ce, "Ya san zai zo. Ya ce in gaya maka kwamin da ka gina ya yi kyau. Ya ce a riƙa cika shi, halan wasu su biyo ta nan da dabba."

Na tambaye ta ina suka nufa, ta ce kudu, iyakar abin da ta sani ke nan.

Na koma bakin rijiya na buɗe wa kwamin ruwa. Na zauna a gefensa har ya cika ya fara tumbatsa yana zuba ƙasa. Awaki biyu na gari suka zo suka sha suka tafi. Famfon nan bai taɓa tsayawa ko wuni ɗaya ba tun ranar, ba a taɓa kirana a kansa ba. Duk da haka nakan je kowace bazara, in kwashe ganyen da ya taru a kwamin, in cika shi, in ɗan zauna ina kallon yamma, sannan in hau babur in dawo.